Ƙarin Janairu

Ni ne mai jan biro a ofishin albashi,
tebur na uku daga ƙofa,
ƙarƙashin fankar da ta mutu tun ina saurayi.
Duk Janairu nakan buɗe fayil ɗari huɗu da 'yan kai,
in ɗaga kowa hawa ɗaya a tsani:
masinja, direba, unguwarzoma,
har Bitrus na Wusasa da ke gadin dare.
Nawa fayil ɗin nakan bar shi
sai bayan la'asar, don kunya.

Bana ƙarina dubu ɗaya da ɗari uku da arba'in.

Ban faɗa wa kowa ba.
Amma kafin wayata ta yi ƙara
kasuwar Tudun Wada ta riga ta ji.
Tiyar masara ta miƙe tsaye,
manja ya hau kanta ya ƙi saukowa.
Ɗan acaɓan da ke kai ni Ƙofar Doka
ya ce, "Yallaɓai, ai an yi muku ƙari,"
ya ɗora ɗari a kan kuɗin jiya.
Maikuɗi mai shago bai ce uffan ba,
sai ya lashi yatsa, ya buɗe littafin bashi
daidai inda sunana ya cika shafi ya zarce baya.

Da dare Uwani, 'yar aji biyar,
ta ɗauki alli ta raba a kan siminti:
"Baba, arba'in da huɗu kullum, saura ashirin."
Uwarta ta saki ludayi don dariya.
"To a adana ashirin ɗin,
kada a ce mun yi almubazzaranci."
Ni ma na dara. Me ya rage?

A ƙasan adakar mahaifina akwai wata takarda
ta ma'aikatar jirgin ƙasa, Sabon Gari,
ta tsufa ta yi launin shayi.
Ƙarin naira shida.
Da shi ya sake wa kekensa taya,
ya aika wa Goggo goro a Soba,
ya dawo da canji yana kaɗa aljihu.
Shi ya ce mini aikin gwamnati rijiya ce,
ba ta cika tulu a ja ɗaya, amma ba ta ƙafewa.
Baba, rijiyar tana nan.
Gugan ne ya huje.

Yau da na buɗe fayil ɗina
sai na gan ni a hawa na goma sha biyar.
Babu na sha shida.
Nan mai zana jadawalin ya ajiye biro.
Baɗi zan ɗaga mutum ɗari huɗu
in tsallake kaina,
sai fa in ƙarin girma ya zo,
shi kuwa takardarsa ta tafi Kaduna shekara bakwai
ko gaisuwa ba ta aiko ba.

Sai na ji ƙirjina ya yi nauyi.
Abin da nake yi wa ba'a kowace shekara
ashe ina sauraronsa,
kamar ɗan'uwa talaka
da ke zuwa ranar sallah da karan rake biyu,
a yi masa tsiya, a kuma leƙa hanya in ya makara.

Ƙarfe huɗu na tashi, na taka har Agoro,
na hana ɗan acaɓa ɗarinsa.
Na tsaya wajen Sidi mai tsire
na ce a yanka mini na dubu ɗaya da ɗari uku,
a zuba yaji, albasa ta rufa asiri.
Ya ƙunshe a tsohuwar jarida,
maiƙo ya huda labarin kasafin kuɗi.

Arba'in ɗin da ta rage
na damƙe ta a tafin hannu har gida.
Uwani ta jefa a asusunta na laka,
ta girgiza shi kusa da kunne,
ta ce, "Baba, baɗi nawa za su ƙara?"
Na ce ta zo ta ci nama tun da zafi.